Tseren motocin Paris-Dakar: yadda ya bi ta Tawa da yadda ya ƙare



Tsofaffin da suka yi zama Tawa, ko suka je can cin rani, sun san wani abu da yaran yau ba su gani ba. A wasu shekaru, cikin watan Janairu, lokacin ɗari da hazo, ɗaruruwan motoci da babura na Turawa sukan shigo garin, sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Su kwana ɗaya. Da asuba su wuce. Ana ce ma wannan tsere Paris-Dakar. Yau shekaru da yawa ke nan bai sake biyowa ta ƙasarmu ba. A wannan fitowa za mu bayyana muku mafarinsa, da yadda ake yin sa, da abin da ya kawo ma mutane, da dalilin da ya sa ya daina zuwa. Ku karanta a hankali, domin a ƙarshe akwai maganar da ta shafi ƴaƴanmu.

Mene ne Paris-Dakar?

Mu a nan mun san sukuwa. Ranar salla ko ranar naɗin sarauta a jera dawaki, a sake su, wanda ya riga kai wa shi ne gwani. Mun san kokowa kuma, tun da a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a shekarar 1975. To, Turawa su ma suna da irin nasu wasan. Su da motoci suke yin tsere.

Akwai tseren da ake yi cikin fili da aka kewaye, motoci suna zagayawa. Akwai kuma wanda ake yi daga gari zuwa gari, kan hanyoyin da jama'a suke bi. Paris-Dakar irin na biyu ne. Filin tserensa shi ne hanyoyin ƙasa na Afirka: burtali, hanyar ayari, hanyar kasuwa, da rairayin hamada inda babu hanya ko kaɗan.

Paris ita ce babban birnin Faransa. Dakar ita ce babban birnin Senegal, a bakin teku. Tafiyar farko ta kai kimanin kilomita 10,000. Don ku gane tsawonta, daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne. Ke nan kamar mutum ya yi wannan tafiya sau 25.

Wa ya ƙago shi?

Wani Bafaranshe ne mai suna Thierry Sabine. A shekarar 1977 ya shiga wani tsere bisa babur, daga Abidjan zuwa birnin Nice na Faransa. Ya ɓace cikin hamada, wajen iyakar Nijar da Libiya. Ya yi kwanaki shi kaɗai, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Daga baya jirgin sama ya gano shi. Wani da ya sha wannan wahala ba zai ƙara waiwayar hamada ba. Shi kuwa sai ya koma gida da niyyar ya shirya babban tsere, ya kawo wasu su ga wurin da ya gani.

Ranar 26 ga Disamba 1978 aka tashi daga Paris. Abin hawa 182 suka tashi: ƙananan motoci, babura da kamyo. An ɗora su a jirgin ruwa aka ƙetare teku zuwa Aljeriya. Suka bi ta Tamanraset, suka shigo Nijar ta Asamaka, suka biyo Arlit da Agadas. Daga nan suka sauko Tawa. Daga Tawa aka yi tsere kan hanyar ƙasa wadda ta nufi Talco, kusa da Filinge, aka wuce Yamai. Sai Gawo da Bamako a ƙasar Mali, sai Senegal. Ranar 14 ga Janairu 1979 aka isa Dakar. Cikin 182 da suka tashi, 74 kaɗai suka kai. Wani saurayi mai suna Cyril Neveu shi ya zo na ɗaya, bisa babur ƙirar Yamaha.

Tun a wannan tafiya ta farko aka yi rashi. Wani mai babur ya faɗi a Agadas a daidai lokacin da yake ƙoƙarin ɗaura hular kwanonsa yana cikin tafiya. Ya bugu a kai, ya rasu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaya ake yin tseren?

Ba a tashi gaba ɗaya kamar dawaki. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa. An raba tafiyar zango-zango, kowace rana da nata zango. Cikin zangon akwai tafiya iri biyu. Akwai inda ake tafiya kawai don a isa wani wuri, ba a ƙidaya gudu. Akwai kuma inda ake ƙidaya lokaci da agogo. A nan ne kowa yake sakin gudu iyakar ƙarfin injinsa. Kowace rana ana rubuta lokacin da mutum ya ci. A ƙarshe a tara lokutan duka. Wanda jimlar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci tsere.

Cikin ƙaramar mota mutum biyu ne. Ɗaya yana tuƙi. Ɗaya yana riƙe da littafin hanya, yana karantawa, yana gaya ma direba: bayan kilomita kaza akwai rijiya, ka bi hagu, gaba akwai kwazazzabo, ka rage gudu. Suna da wata ƴar na'ura mai allura wadda kullum take nuna arewa. Mai babur kuwa shi kaɗai ne, shi ke tuƙi, shi ke karatu. Sai a shekarar 1992 aka fara amfani da na'urar da take magana da tauraron ɗan'adam, ta nuna ma mutum inda yake. Kun ga ko a tseren mota, wanda bai iya karatu da lissafi ba ɓacewa yake yi.

Da dare duka su taru a zango ɗaya, yawanci kusa da filin jirgin sama. Jirage su kawo abinci da likitoci da ƴan jarida. Kamyo su kawo tayoyi da kayan gyara. An riga an kai gangunan mai tun kafin su zo. Makanikai su kwana suna aiki da fitila. A can baya kuma akwai wata kamyo wadda aikinta shi ne ta bi sawu tana kwashe waɗanda motarsu ta mutu a daji.

Shekarun da tseren ya yi tashe a Nijar

A shekarar 1983 tseren ya ratsa hamadar Tenere karo na farko. Guguwar rairayi ta taso, ta rufe sama da ƙasa. Kimanin mutum 40 suka ɓace. Sai da aka yi kwana huɗu ana nemansu da jirgi kafin a gano su duka da rai. Labarin ya bazu a gidajen rediyo da talabijin na Turai, sunan Tenere da na Agadas suka shiga duniya. Daga 1983 har 1992 babu shekarar da tseren bai shigo Nijar ba.

Agadas ita ce ta zama babban masauki, nan suke hutawa. Wani Buzu ɗan Ayar mai suna Mano Dayak, wanda yake da kamfanin kai baƙi yawon hamada, ya taimaka wajen nuna hanya da shirya zango. Sunansa ne aka sa ma filin jirgin saman Agadas bayan rasuwarsa a 1995.

Tawa ita ma ta zama zango. A 1989 da 1990 sun taso daga Agadas sun kwana Tawa, washegari suka nufi Yamai. A lokacin an riga an gama hanyar kwalta ta Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gina saboda jigilar yuraniyom. Amma masu tsere ba kwalta suke so ba. Sun fi son hanyar daji, mai rairayi da duwatsu da ramuka, domin a nan ake gane ƙarfin mota da gwanintar direba.

Da tseren ya yi suna, sai manyan kamfanonin ƙera motoci suka shigo da kuɗi masu yawa. Kamfanin Peugeot ya ci shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990. Sau uku cikin huɗun nan wani mutumin ƙasar Finlan ne ya tuƙa, sunansa Ari Vatanen. A 1988 abin hawa 603 suka tashi. A shimfiɗaɗɗen rairayin Tenere wasu motoci sun kai gudun kilomita 200 a awa. Ayarin gishiri yana yin makonni tsakanin Ayar da Bilma. Masu tsere kuwa a yini ɗaya suke ratsa wannan hamada.

Me ya sa kamfanoni suke zuba kuɗi haka? Talla ce. In motarsu ta ci, ana nuna ta a talabijin, mutanen Turai su ce wannan mota tana da ƙarfi, su saya. Ribar tseren ta gaskiya a can take, wurin sayar da motoci da taba da man inji, waɗanda aka rubuta sunayensu a jikin motocin.

Mutuwar wanda ya ƙago tseren

Ranar 14 ga Janairu 1986 Thierry Sabine yana cikin jirgi mai saukar angulu, yana bin masu tsere a ƙasar Mali, wajen Gurma Rarus. Dare ya yi, ga iska da ƙura. Jirgin ya faɗi. Mutum biyar da ke ciki duka suka mutu. Cikinsu akwai wani sanannen mawaƙin Faransa, Daniel Balavoine. Shi wannan karon bai zo tsere ba. Ya zo ne saboda wani aiki na kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An kai tokar gawar Sabine cikin Tenere, aka watsa ta gindin wani ice da ke tsaye shi kaɗai. Tun daga nan ake kiran icen da sunansa. Tseren bai tsaya ba. Mahaifinsa ya ci gaba da shirya shi, daga baya wani kamfanin wasanni na Faransa ya saye shi.

Me tseren ya kawo ma mutane?

A faɗi gaskiya, wasu sun samu. Ranar da tseren ya sauka gari, masu masauki, masu gasa nama, masu burodi, masu sayar da ruwa, ƴan dako, masu gadi da makanikai suna samun ciniki. Maƙeran azurfa da dukawa suna sayar da kayansu da tsada. Agadas ta fi kowa samu, domin bayan tseren baƙi masu yawon buɗe ido sun riƙa zuwa ganin Ayar da Tenere. An kuma kafa famfuna, an ba da magunguna a wasu wurare.

Amma cinikin na kwana ɗaya ne ko biyu a shekara. Yawancin abin da masu tsere suke ci da sha, da jirgi ake kawo musu. Ƙauyen da ke bakin hanya kuwa, inda ba su tsayawa, ƙura kawai yake sha.

Akwai ɓarna kuma. Hanyar ƙasa ba ta jure ɗaruruwan motoci masu gudu da kamyo masu nauyi a yini ɗaya. Suna tone ta, su bar ramuka. Su sun wuce, motar kasuwa da amalanke da mai ɗauke da mara lafiya su ne za su yi shekara suna fama da ita. Dabbobi suna firgita su watse, wasu a buge su.

Babbar ɓarna ita ce ta rai. Ban da direbobi da suka mutu, tseren ya kashe mutanen ƙauye da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 1988 motar tsere ta buge wata yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali, ta mutu. A wannan shekara kuma wata mota ta masu ɗaukar hoto ta kashe uwa da ɗiyarta a Muritaniya. A 2005 wata kamyo ta take yarinya ƴar shekara 5 a Senegal. A 2006 yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. In direban tsere ya mutu, duniya duka tana jin sunansa. Yaron ƙauye kuwa, sau da yawa layi ɗaya ake rubutawa a jarida.

Saboda haka ko a Faransa akwai waɗanda suka ƙi tseren. Wani masanin aikin gona mai suna René Dumont, wanda ya san ƙasashen Sahel, yana cikin masu sukarsa. Abin da suke cewa shi ne: bai dace masu kuɗi su zo suna wasa da dukiya gaban mutanen da suke fama da yunwa ba. Ku tuna, a 1984 fari ya ci amfanin gona, dabbobi suka mutu, mutanen Adar da yawa suka bar gida. A watan Janairu na 1985 tseren ya bi ta Nijar kamar yadda ya saba. Daga baya masu shirya tseren sun kafa dokar rage gudu cikin garuruwa, suna hukunta wanda ya karya ta. Amma an kafa dokar ne bayan an yi asarar rayuka.

Me ya sa ya daina zuwa?

Dalili na farko shi ne rashin zaman lafiya. A 1990 rikici ya tashi a Cintabaraden, cikin jaharmu ta Tawa, tawaye ya biyo baya a arewacin Nijar da Mali. A 1991 an harbe direban wata kamyo ta tseren a Mali. A 1992 tseren ya bi ta gabashin Nijar, ta Dirku da Ngigmi, ya nufi Afirka ta Kudu. Daga nan sai ya yi shekara huɗu bai shigo ƙasarmu ba.

An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a watan Afrilu na 1995. Ita ce muke tunawa kowace ranar 24 ga Afrilu. A Janairu 1997 tseren ya dawo. A wannan karo daga Dakar aka tashi, aka zo Agadas, aka koma Dakar. Sun shigo daga Menaka ta ƙasar Mali, suka kwana Tawa, suka wuce Agadas. Wani mutumin Japan, Kenjiro Shinozuka, shi ya ci da mota ƙirar Mitsubishi. A wannan shekara ce kuma wata mace Bajamushiya, Jutta Kleinschmidt, ta zo ta ɗaya a wani zango, abin da mace ba ta taɓa yi ba. A 2001 ita ta ci tseren gaba ɗaya. Wannan zuwa na 1997 shi ne na ƙarshe da Tawa ta ga masu tsere.

A shekarar 2000 an shirya a tashi daga Dakar a ƙare a Alƙahira, a ratsa Nijar. Da suka iso Yamai sai aka sami labarin cewa wasu masu ɗauke da makamai suna shirin tare su a arewa. Aka soke tafiyar cikin Nijar. Aka kawo manyan jiragen sama na kaya, ƙirar Antonov, suka yi kwanaki suna kwasar motoci da babura daga Yamai zuwa Sabha ta ƙasar Libiya. Tun daga ranar tseren bai sake taka ƙasar Nijar ba.

Ya ci gaba a Maroko, Muritaniya, Mali da Senegal. Ranar 24 ga Disamba 2007 aka kashe Faransawa huɗu kusa da garin Aleg na Muritaniya. Ranar 4 ga Janairu 2008, ana gobe za a tashi, aka soke tseren shekarar gaba ɗaya. Daga 2009 zuwa 2019 aka mayar da shi Amurka ta Kudu, ƙasashen Ajantina, Cile, Peru da maƙwabtansu. Tun 2020 a ƙasar Saudiyya ake yin sa. Har yanzu ana ce masa Dakar, ko da yake ba ya zuwa Dakar. Wani abin lura: duk shekarun da aka yi ana tseren a Afirka, ɗan Afirka bai taɓa cinsa da mota ba. Sai a 2009, a can Amurka ta Kudu, wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Giniel de Villiers ya ci.

Abin da ya wuce da abin da ya zauna

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. In ka bi hanyar Tawa zuwa Filinge yau, ba za ka ga alamar tseren ba. Iska ta shafe sawun tayoyi tuntuni.

Mu dubi wasu ayyuka na zamani ɗaya da shi. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, don su kare gonaki daga iska. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma su suka yi aikin. A 1984, shekarar fari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen ƙauyuka, yawancinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka, suka yi gandari da madatsun ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa kan fako. Babu talabijin da ya bi su kullum. Gudun aikin gudun jaki ne. Amma wanda ya je Magiya ko Keita zai ga itatuwan da idonsa, ya zauna inuwarsu.

Ba muna cewa baƙo ba shi da amfani ba ne. Ayyukan nan biyu ma da taimakon baƙi aka yi su. Bambancin shi ne, a cikinsu an zauna da masu ƙasa, an yi shawara da su, su suka yi aikin da hannunsu. Duk lokacin da wani ya zo da sabon abu ƙauyenku, ku tambaye shi: wa zai ci riba? Wa zai ɗauki asara in ta zo? Bayan ka tafi, me zai rage mana? Wanda ya iya karatu yana iya duba takarda kafin ya sa hannu. Labarin tseren ya kuma nuna mana darajar zaman lafiya. Ranar da hanya ta zama abin tsoro, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu sana'a a Agadas da Tawa suka rasa ciniki.

Tseren da ya rage a hanyoyinmu

Motocin Turawa sun tafi, amma gudu bai tafi ba. A zamanin tseren, babur ɗaya ko biyu ne a ƙauye. Yau babu ƙauyen da ba shi da babura. Ƴan kabu-kabu suna kai mutane kasuwa da asibiti, wannan alheri ne. Amma mun ga samari suna rige-rige ranar biki da ranar kai amarya. Mun ga mutum uku ko huɗu bisa babur ɗaya, babu mai hular kwano. Mun ga motocin albasa da na ranar kasuwa suna ratsa gari ba su rage gudu ba, a kan babbar hanyar da ta bi ta Madawa da Galmi, da kuma hanyar Madawa zuwa Buza da Keita.

Ga lissafi mai sauƙi, ku yi shi a allo tare da malaminku. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce. Babur mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. Mai gudun kilomita 72 yana cin mita 20. Motar tsere mai gudun kilomita 144 tana cin mita 40. Daga lokacin da direba ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, kusan daƙiƙa ɗaya take wucewa. Ke nan mai gudun 72 ya riga ya ci mita 20 kafin birki ya fara aiki. Bayan haka ma ba nan take zai tsaya ba. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake buƙata yana ninkawa sau huɗu. A kan tsakuwa ko rairayi abin ya fi haka, domin taya tana zamewa. In kuma akwai ƙurar wata mota a gaba, direba ba ya ganin komi sai ya zo daf.

Masu tseren Dakar suna da hular kwano mai tsada, da likita, da jirgin da zai ɗauke su in sun faɗi. Duk da haka da yawa sun mutu. Mutum na farko da ya mutu a tseren, hularsa ce ba a ɗaure ba. Saurayin da ya faɗi tsakanin Buza da Keita ba shi da jirgi. Sai a nemi amalanke ko mota, a yi tafiya mai nisa kafin a kai shi wurin likita.

Saboda haka ga shawararmu:

1. Mai babur ya sa hular kwano, ya ɗaura igiyarta tun kafin ya tashi. Wanda ya ɗauko shi ma haka.
2. In za a shiga gari, ko kusa da lakwal, kasuwa da rijiya, a rage gudu sosai.
3. Kada a shiga cikin ƙurar wata mota don a wuce ta. A dakata ƙura ta lafa.
4. Kada a ba yaro ƙarami babur ya tuƙa.
5. Iyaye su koya ma yara su tsaya, su dubi dama da hagu kafin su ƙetare hanya. In mota ɗaya ta wuce, wata tana iya kasancewa cikin ƙurarta.
6. Makiyayi ya tsayar da dabbobi nesa da hanya, ya duba, sannan ya ƙetare da su gaba ɗaya.
7. Maigari da limami da shugabannin samari su zauna su hana rige-rigen babura ranar biki.

Sannu ba ta hana zuwa. Rigakafi kuma ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a wurin karatu

A wace shekara aka fara tseren Paris-Dakar, kuma a wace shekara ya kwana Tawa karo na ƙarshe? Abin hawa 182 suka tashi, 74 suka isa: nawa suka tsaya a hanya? Babur mai gudun kilomita 54 a awa, mita nawa yake ci a daƙiƙa ɗaya? A ƙauyenku, ina ne wurin da ya fi haɗari a kan hanya, kuma me za ku iya yi a kai?

In akwai dattijo a garinku wanda ya ga tseren da idonsa, ku zauna da shi, ku rubuta abin da ya faɗa da hannunku, ku ba malaminku ya aiko ma jarida. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.